Yadda Ake Kare Haƙora Daga Zaizaya da Cinyewa

Duk wanda ya taɓa tsotsar tsamiya, ko ya ci ɗanyen mangwaro da gishiri da yaji, ya san abin da ake nufi in an ce haƙora sun mutu. Ka kai loma baki ka kasa taunawa, sai an jima su dawo daidai. A wannan ɗan lokacin tsami ya tausasa farin ɓawon da ya lulluɓe haƙorin, wanda likitoci ke kira inamel. Babu abin da ya kai ɓawon nan tauri a jikin mutum, ko ƙashi bai kai shi ba. Amma kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 2.5 a kan turame ba, a wuyan haƙori kuwa, daidai bakin dasashi, ya sirance sosai. Kuma ba ya sake tsirowa. Katangar ƙasa in damina ta zaizaye ta, da rani sai a kwaɓa ƙasa a sake yaɓe. Haƙori bai sami wannan gatan ba, abin da ya tafi ya tafi.

Wannan matsala daban take da kogon haƙori. Kogo ƙwayoyin cuta ne ke haƙa shi idan sun sami suga da dattin da ya kwana. Zaizaya kuwa har mai tsaftar baki tana kamawa, sau da yawa ma shi ta fi yi wa ɓarna, domin tsami ya tausasa, shi kuma ya bi da gurza.

Fara da duba bakinka

Ɗauki madubi ka fita waje da hantsi, ka tsane haƙoran da ƙyalle mai tsabta, domin jiƙaƙƙen haƙori yana ɓoye aibinsa. Dubi bakin haƙoran gaba: in sun yi siriri, haske na ratsa su sun yi toka-toka, ko sun fara ɓantarewa kamar bakin zarto, tsami ne. Dubi kan turame: in tsinin da ke kansu ya lotsa ya zama ɗan gurbi mai rawaya a ƙasa, kamar gurbin dara, shi ma tsami ne. Sai ka bi wuyan haƙoran gefe da farce, daga fiƙa zuwa baya. In farcen ya maƙale a wata tsaga mai kama da saran gatari, kuma wurin ya yi maka tsam har ka, to buroshi ko asuwaki ne ya yanka shi. In saman haƙora ya shafe ya yi sumul, na sama da na ƙasa suna haɗuwa kamar dutsen niƙa da ɗansa, wannan aikin cizon haƙora ne. Akwai wuri ɗaya da mutum ba ya iya gani da kansa, wato bayan haƙoran gaba na sama, ta wajen ganɗa. In nan ne ya cinye, tsamin daga ciki yake tasowa, ba daga kofi ba.

Wannan dubawar ita ce rabin aikin. Maganin da ya dace da mai ƙwannafi ba shi ne ya dace da mai cizon haƙora ba, kuma duk abin da za a shafa ko a liƙa a asibiti ba zai daɗe ba muddin abin da ya jawo ɓarnar yana nan.

Tsami: yawan kurɓa ya fi yawan abin sha illa

Ana auna tsami da ma'aunin pH. Ruwan sha yana wajen 7, kuma duk saukar lamba ɗaya na nufin tsamin ya ninka sau goma. Inamel yana fara narkewa idan pH ɗin baki ya sauka ƙasa da 5.5. Lemon kwalba da lemon ƙara kuzari yawanci suna tsakanin 2.5 da 3.5, har da waɗanda aka rubuta musu babu suga. Zoɓo yana wajen 3 ko ƙasa da haka, lemon tsami yana kusa da 2, ruwan ciki kuwa 1 zuwa 2. Tsamiya, garin 'ya'yan kuka da yara ke tsotsa, da ƙwayar bitamin C da ake taunawa duk suna cikin sahun. Nono ne ya fita zakka: yana da tsami, amma yana ɗauke da sinadarin kalsiyam da fosfet, irin waɗanda aka gina haƙori da su, don haka ba ya zaizayar da shi kamar sauran. Matsalar fura da nono ita ce sugan da ake zubawa.

Ba za mu ce a daina shan zoɓo ba, a ƙasar da ake noma shi daga Gumel zuwa Maigatari. Abin da za a gyara shi ne yadda ake sha. Bayan kowace kurɓa, yawu yana bukatar kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin ya wanke tsamin ya mayar wa haƙori ɗan abin da ya rasa. Wanda ya shanye kofi biyu tare da abinci a zama ɗaya, sau ɗaya aka kai wa haƙoransa hari. Mai shagon da ya ajiye gora ɗaya yana kurɓa daga azahar zuwa la'asar bai bar yawunsa ya yi aiki ko sau ɗaya ba. Saboda haka a sha abu mai tsami tare da abinci, a shanye a wuce wurin. Kada a riƙe shi a kumatu ko a yi ta kurkura da shi. In akwai tsinken shan lemo, a tura shi can bayan haƙora. Da an gama a kurkure baki da ruwa zalla, sannan a jinkirta buroshi da asuwaki na aƙalla minti 30, awa ɗaya ta fi. Kada kuma abu mai tsami ya zama na ƙarshe kafin barci, domin da dare yawu yana raguwa ƙwarai.

Watan azumi yana bukatar kulawa ta musamman. An wuni baki a bushe, ga zafin bazara in azumin ya faɗo a lokacin, sai a buɗe baki da kunun tsamiya, a bi da zoɓo mai sanyi, a bi da lemo, a yi ta kurɓa har bayan asham. A fara da dabino da ruwa, a ci abinci, a sha mai tsamin a tsakiya, a rufe da ruwa. Bushewar baki ma ba azumi kaɗai ke kawo ta ba. Ciwon suga, barci da baki buɗe a lokacin hunturu, da wasu magungunan mura da na hawan jini duk suna rage yawu. Mai irin wannan ya yawaita ruwa, in zai samu cingam marar suga ya tauna na minti 10 zuwa 20 bayan cin abinci.

In tsamin daga ciki yake, wato ƙwannafi ko aman laulayi, kada a taɓa buroshi bayan amai, duk da ɗacin bakin. A kurkure da ruwa, ko a narka ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda a kofin ruwa a kurkure a zubar. Ba a maye gurbinsa da goga kanwa, domin kanwar kasuwa tana da yashi a ciki. Mai ƙwannafi ya bar awa biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ya ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo kamar santimita 15, kuma ya ga likita. Ba a gyara haƙorin mai ƙwannafi a bar cikinsa.

Gurza

Ga kuskuren da ya fi kowane yawa. Mutum ya ga haƙoransa sun yi rawaya, sai ya daka gawayi, ko ya ɗebi toka, ko ya matsa lemon tsami a gishiri ya dirje. Kwana biyu sai ya ga sun yi haske, domin ya kankare dattin goro da shayi. Amma ya haɗa da inamel. Abin da ke ƙarƙashin inamel, wato dantin, shi asalinsa rawaya ne, kuma ya fi laushi, yana fara narkewa tun daga pH wajen 6.5. Ɓawo na ƙara sirancewa rawayar na ƙara bayyana, mai haƙori na ƙara dirza. Ruwan farar da haƙori da ake talla a kasuwa ba tare da lambar NAFDAC ba, wanda ke yin fari nan take, shi ma a guje shi. Abin da ke farar da haƙori cikin minti ɗaya cinye shi yake yi.

Buroshi mai laushi za a saya, mai ƙaramin kai. Mai taurin nan da ake ganin ya fi fitar da datti shi ke yanka wuyan haƙori. A riƙe shi da yatsu kamar alƙalami, ba a dunƙule a hannu kamar ƙotar fartanya ba. A karkata gashinsa zuwa bakin dasashi, a yi 'yan ƙananan zagaye, haƙora biyu-biyu, na minti biyu, safe da dare. In gashin buroshi ya baje kafin wata uku, hannun ya yi nauyi.

Asuwaki yana tsaftace baki sosai in an iya shi. A samu mai kaurin ƙaramin yatsa, a fere kamar santimita ɗaya, a tauna har ya yi laushi kamar gashi. In ya bushe a jiƙa shi tukuna, kuma a yanke bakin da aka yi amfani da shi kullum ko bayan kwana biyu. A riƙa sharewa daga dasashi zuwa bakin haƙori, ba a ja shi gefe da gefe kamar zarto ba. Minti biyu zuwa uku sun isa. Illar tana wajen mai saƙala asuwaki tun daga gida har gona, yana dirzar haƙora huɗu na gaba, turame kuwa ko sannu. Kuma asuwaki ba ya ba da fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, irin na makilin, don haka ko mai asuwaki a kowace alwala ya riƙa amfani da makilin, musamman kafin barci.

Sauran abubuwan gajeru ne. Haƙori ba mabuɗin kwalba ba ne, ba almakashin tela ko na mai ɗinkin hula ba ne, ba ma'ajiyar ƙusar kafinta ba ce. Rake a fere shi da wuƙa a yanka gunduwa-gunduwa. Busasshiyar aya a jiƙa ta. Goruba, ƙashi da ƙanƙara suna tsaga haƙorin da ya riga ya sirance. Hatsin da aka sussuka a ƙasa kuma a rege shi da kyau kafin a kai niƙa, domin yashin da ke ƙasa-ƙasa a tuwo kullum yana aikin da takardar goge katako ke yi.

Makilin da ya dace

A juya kwalin a karanta. Ana son a ga 1,000 zuwa 1,500 ppm na fuloraid (ppm shi ne ma'aunin ƙarfinsa), ga babba 1,450 ya fi. Wanda aka rubuta wa stannous fluoride ya fi sauran tare tsami, domin yana barin wani siririn rufi a kan haƙori. Mai jin tsam in ya sha ruwan randa ya nemi mai potassium nitrate, amma ya ba shi sati biyu zuwa huɗu kafin ya yanke hukunci, yana kuma iya shafa ɗan kaɗan da yatsa a wurin kafin ya kwanta. Masu alƙawarin farar da haƙori da masu gawayi a ciki sun fi kaushi, ba na mai zaizaya ba ne.

Yaro ƙasa da shekara uku a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake ƙarama, babba na tsaye a kansa kada ya haɗiye. Bayan an goge a tofar da kumfar kawai, kada a kurkure. Mutane da yawa nan suke asara: sun sayi makilin mai kyau, sun goge, sai su bi da buta su wanke maganin tas.

Abin da ake yi a asibiti

Na farko shi ne banish ɗin fuloraid. Wani abu ne mai danƙo kamar zuma, mai ƙarfin 22,600 ppm, wato ya ninka makilin kusan sau goma sha biyar. Ma'aikaci zai goge haƙoran, ya tsane su da auduga, ya ɗebi maganin da ɗan ƙaramin buroshi ya shafa siriri a wuyan haƙora, da tsakaninsu, da duk inda ya zaizaye. Yawu na taɓa shi yake kamewa. Babu allura, babu injin haƙa, kuma bai fi minti biyar ba. Ƙaramin yaro mai haƙoran nono ba a wuce masa mililita 0.25, mai famfara 0.4, babba 0.75. Ana yi sau biyu a shekara, mai babbar matsala har sau huɗu. Inda aikin ke lalacewa shi ne bayan an fito. Kada a ci ko a sha komai na minti 30, sannan abinci mai laushi kawai na awa huɗu, ban da shayi mai zafi, ban da goro. A yi kurkurar alwala a hankali, amma buroshi da asuwaki sai washegari. A gaya wa ma'aikaci in akwai gyambo a baki, ko asma mai tsanani, ko in filasta na sa fatar mutum ƙaiƙayi, domin yawancin banish ɗin da ƙaron itace ake haɗa shi. Yana rage jin tsam, yana hana kogo, yana ƙara wa inamel juriya. Amma a faɗi gaskiya, ba zai iya da gorar lemo uku a rana ba.

Ga wanda ɓarnarsa ta yi nisa, likita na iya rubuta makilin mai 5,000 ppm, wanda ba a ba wa ɗan ƙasa da shekara 16, ko ruwan kurkura mai fuloraid kashi 0.05 cikin ɗari: mililita 10, minti ɗaya, a zubar, a wani lokaci daban da na buroshi. Ba na ƙananan yara ba ne.

Na biyu shi ne liƙe ramukan turame, kuma wannan na yara ne musamman. Turmin farko na dindindin yana fitowa a wajen shekara shida, can bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa ke zaton shi ma na famfara ne. Na biyu yana fitowa a wajen shekara 12. Samansu na da tsagogi da gashin buroshi ba ya shiga. Ana wanke haƙorin, a kewaye shi da auduga, a shafa wani asid mai ƙarfin kashi 37 cikin ɗari na daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke, a busar har wurin ya yi fari kamar alli, a zuba ruwan roba a tsagogin, a haska masa shuɗiyar fitila na kamar daƙiƙa 20 ya daskare. Abu ɗaya ke kashe wannan aiki: yawu. In ɗigo ɗaya ya taɓa wurin bayan an busar, liƙin zai ɓalle cikin 'yan makonni, don haka sai an sake daga matakin asid. Liƙin kogo yake hanawa, ba shi ne maganin tsami ba, kuma a duba shi duk wata shida zuwa shekara.

Inda babu wuta ko yaro ya ƙi zama, akwai simintin haƙori da ake kira gilas ayonoma. Ana kwaɓa gari da ruwansa, a cusa a tsagar, ma'aikaci ya shafa basilin a yatsan safar hannu ya danna na kamar rabin minti, a kankare abin da ya yi tudu, a hana cin abinci na awa ɗaya. A Tanzaniya aka fara wannan salon aiki da kayan hannu zalla, a tsakiyar shekarun 1980, domin wuraren da ba su da lantarki. Bai kai roba daɗewa ba, amma ya fi ta haƙuri da danshi, kuma yana sakin fuloraid a hankali. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi, tare da makilin mai fuloraid, cikin jerin muhimman magunguna.

Da wannan simintin, ko da roba mai launin haƙori, ake cike tsagar wuyan haƙori da gurbin kan turame. Ba kowace tsaga ake cikewa ba. In ba ta da zurfi kuma ba ta ciwo, gyara hannu da banish sun wadatar. Ana cikewa ne in tana tara abinci, ko jin tsam ya ƙi tafiya, ko ta doshi jijiya. Cikon wuya yana yawan faɗuwa in mai shi ya ci gaba da dirza ko cizon haƙora.

Shi cizon haƙora, mai yi ba ya sani, matarsa ko abokin kwanansa ke jin ƙarar. Alamarsa gajiyar muƙamuƙi da ciwon gefen kai da asuba. Ana auna bakin da wani abu mai kama da ƙullu, a ƙera murfin roba mai tauri, kaurin kamar milimita 2, a riƙa sawa da dare. Ba ya hana cizon, shi dai ke cinyewa a madadin haƙori. A wanke shi da ruwan sanyi da sabulu, ruwan zafi yana lanƙwasa shi. A adana shi a gwangwani mai murfi saboda ɓera da yara. Mai ƙwannafi ya faɗa kafin a yi masa, domin murfin na iya riƙe tsami a jikin haƙori har gari ya waye. Yaron da bai gama famfara ba yawanci ba a yi masa.

Wankin haƙori na asibiti kuma ba ya cinye haƙori, ba ya sa shi girgiɗi. Dattin da ya daskare ne ake cirewa. Giɓin da ake gani bayan nan dama dattin ne ya ci dasashin wurin ya ɓoye.

Ruwan burtsatse da fuloraid

Fuloraid in ya yi yawa a ruwan sha yana ɓata haƙoran da ke ginuwa a cikin dasashi, wato na yara 'yan ƙasa da shekara takwas, su fito da ɗigon fari kamar alli ko ja-ja mai ramuka. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita, kuma an san wurare irin su Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe da wannan matsala. In yaran unguwa ɗaya masu shan burtsatse ɗaya duk haƙoransu sun yi haka, a nemi a gwada ruwan. Tafasawa ba ta cire fuloraid. Kada a ba yaro ƙwayar fuloraid ta haɗiya ba tare da an san abin da ke ruwan ba, kuma wannan tabon ba ya fita da gawayi, a cikin haƙorin yake.

Inda za a je

A fara da tambaya a babban asibitin ƙaramar hukuma ko akwai sashen haƙori. Wanki, banish da liƙin turame ba sai babban likita ba, ma'aikatan haƙori da aka horar suna yi. A tambaya tun kafin a hau mota ko suna da kayan a ƙasa da kuma kuɗinsa, domin ba kullum ake samun banish ba. Murfin dare da gyaran haƙoran da suka gajarce sai manyan wurare, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, Asibitin Murtala, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. A tafi da kwalayen magungunan da ake sha, da buroshin da ake amfani da shi, domin bajewar gashinsa na nuna nauyin hannu.

Zaizaya a hankali take tafiya, ido ba ya kama ta. A ɗauki hoton haƙoran da waya duk wata shida, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, gaba da saman turame, a kwatanta. Wurin da dattin shayi ko goro ya fara zama a kansa yawanci ya tsaya da cinyewa. Wanda ya ci gaba da ƙyalli fes, ba ya riƙe datti, har yanzu tsami na wanke shi. In kuwa zugi ya wuce minti ɗaya bayan shan abu mai zafi ko sanyi, ko yana tashin mutum daga barci, ko kumatu ya kumbura, an wuce matakin shafe-shafe, jijiya ta taɓu. Kada a danna asfirin ko ruwan batir a wurin, ƙona dasashi kawai za su yi. A sha farasitamol a je asibiti a cikin kwana ɗaya ko biyu, in kumburin ya zo da zazzaɓi ko wahalar haɗiya kuwa, a tafi a ranar.